Lahadi, kasuwar Dambatta: sababbin littattafan zane guda uku

Yau kasuwar Dambatta ta ci. Hazo ya sauka tun asuba, har hantsi rana ba ta yi ƙarfi ba. Mai littattafan da ke shimfiɗa kusa da 'yan tireda ya yi sari a Sabon Garin Kano cikin makon nan, kuma a kayan akwai littattafan zane uku da Hausa, sababbin fitowa, irin waɗanda ake ba da labari akwati-akwati, maganar mutane a cikin da'ira. "Malam, duba mini su da kyau," in ji shi, "yara suna ɗagawa suna ajiyewa, ban san wanda zan ƙaro ba." Bayan la'asar na baje su a tabarma, na kira wani yaron maƙwabta ɗan aji huɗu ya karanta a fili. Littafin zane a bakin yaro ake gwada shi. Duk inda ya tsaya yana laluben akwatin da zai bi, nan aibin yake.

Na farkon ya fi ɗaukar ido. Bango mai sheƙi, ciki duk launi, shafi 32, girman A5, wato milimita 148 a faɗi, 210 a tsawo. Labarin wani saurayi ne da ke tsare unguwarsu daga masu ƙwacen waya. Mai zanen yana da hannu, ya san yadda kafaɗa ke juyawa idan mutum ya kai naushi. Ɗab'i ne ya ci amanarsa. Launin da ake gani a fuskar kwamfuta haske ne, haɗin ja da kore da shuɗi. Injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake aiki, shuɗi, ja, rawaya da baƙi, kowace da farantinta, wato fallen ƙarfen da ke ɗauke da hoton da za ta buga. In ba a juya aikin zuwa tsarin tawadan nan an duba shi kafin a kai maɗaba'a ba, shuɗi mai walƙiya sai ya dushe, kore ya mutu. Ga shi takardar ciki ba mai sheƙi ba ce, tana shan tawada, ɗigon tawadar yana bajewa, komai yana ƙara duhu. Shi ya sa shafukan faɗan dare suka cushe, fuskar jarumin ta ɓace a cikin inuwa, sai fararen idanu kawai. Da an buga gwajin shafi ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi aikin da ita, da an gani, an rage duhun.

Rubutun ma haka. An haɗa baƙinsa da tawada huɗu, faranti ɗaya ya goce kaɗan, kowane harafi ya fito da jan layi a gefe kamar ido ya yi yana. Ƙaramin rubutu da baƙar tawada zalla ake buga shi. Sannan ga alama an yi zanen a takardar A3 aka rage shi zuwa A5, wanda yake rabi ne cif a tsawo da faɗi. Harafin da ya kai milimita 4 a teburin mai zane ya koma 2 a littafi. Yaron sai da ya kai littafin dab da hancinsa, da rana ke nan, balle da dare a hasken tocila.

Na biyun shi ya zauna mini a rai, kuma shi ne mafi araha. Baƙi da fari ne, shafi 24, farar takarda mai nauyin giram 70 a kowane murabba'in mita. Wata yarinya ce da ƙanenta, akuyarsu ta ɓace ranar kasuwa, suka bi sawunta. Ba wanda ya tashi sama, ba wanda ya yi harbi, amma yaron bai ɗaga kai ba har ya gama. Dalilin yana cikin tsarin shafi. Akwati biyar ko shida ne a kowane shafi, a jere uku, ratar da ke tsakanin jere da jere ta fi wadda ke tsakanin akwati da akwati faɗi, saboda haka ido ba ya zamewa ƙasa kafin ya gama layi. Wanda zai fara magana kullum yana hagu, da'irarsa tana sama, wutsiyarta tana nuna bakinsa. Ba da'irar da ta wuce kalma 20.

Mai zanen littafin nan ya kuma san sirrin juya shafi. A littafin boko shafuka masu lamba mara, 1, 3, 5, suna dama ne. Duk abin mamakin da aka sa a shafin dama, ido ya riga ya hango shi tun ana karanta na hagu. Shi sai ya ƙare shafi na 11 da ƙanen yana leƙa wata tsohuwar rijiya, ƙafa ɗaya a kan itacen bakinta. Sai ka juya zuwa na 12 sannan ka ga babban akwati ya cinye rabin shafi, da kalma ɗaya: TSUNDUM! Yaron ya zabura ya ce, "Kawu, ya faɗa!" Ashe guga ne ya suɓuce. Kalmar ma ta yi daidai. A littafin farko an bar sautin duka da na fashewa da Turanci, alhali muna da tim, da tas, da ƙwas, da rigijib, kowanne da irin faɗuwar ko bugun da yake nufi.

Abin da ya fi burge ni, wannan mutum ya kalli karkara da idonsa. Zangarniyar gero daban da ta dawa a zanensa, ta geron doguwa a miƙe, ta dawar a cure. Rumbu yana kan duwatsu, ba a ƙasa ba. Mangala ta zauna a bayan jaki yadda take zama, nauyi ya rabu biyu. Matar da ke daka ta ɗan ranƙwafa, goyonta ya karkata, kaji suna zagaye turmin. Da yarinyar ta je tambayar wani dattijo, sai da ta durƙusa ta ce, "Baba, ina wuni," kafin ta kawo maganar akuya. Yaron ƙauye yana ganin wannan ya san ba a yi masa ƙarya ba.

Aibinsa a ɗinki yake. Littafin da ake ninkewa a soke da ƙarfen sitefula, falle ɗaya shafi huɗu yake bayarwa, don haka shafi 24 falle 6 ne, kuma duk shafi biyun da ke maƙwabtaka a fuskar falle jimillar lambobinsu 25: na 24 da na 1, na 2 da na 23, har tsakiya. Wannan lissafin ya fita daidai. Amma idan aka ninke, fallayen ciki suna turowa waje, wuƙar yanka tana cin su fiye da na baya. A shafi na 12 da na 13 ta shafi bakin wata da'ira. Ya kamata a bar aƙalla milimita 10 tsakanin rubutu da bakin takarda, zanen da ake so ya kai har baki kuma a zarce da shi milimita 3. Ƙarfen ma ɗaya aka sa a tsakiya maimakon biyu. Littafin da zai zaga hannun yara ashirin a tsangaya da firamare, fallen tsakiya zai fara fita.

Na ukun ba zan daɗe a kansa ba. Fassara ce, an goge Turancin an cusa Hausa a da'irar da ba a yi don ita ba, jimlar Hausa kuwa ta kan fi tsawo, sai aka matse haruffa. Mafi muni, salon harafin da aka zaɓa ba shi da ɓ, ɗ, ƙ. Littattafan zane da manyan baƙaƙe ake yawan rubuta su, kuma Ɓ, Ɗ, Ƙ su suka fi ƙaranci a irin waɗannan salo. A wasu wurare an jefar da lanƙwasar, yaron ya karanta "fada" inda ake nufin "faɗa", ya zaci wajen sarki za a je. A wasu kuma ɗan murabba'i ne ya fito a gurbin harafin. Maganinsa a gwada haruffan shida tun kafin a fara aiki, sannan a kulle salon harafin a cikin fayil ɗin PDF, wato kwafin littafin na kwamfuta, kafin a miƙa wa masu ɗab'i. An kuma kwaikwayi tsarin littattafan Japan a wasu shafuka, su kuwa daga dama suke farawa, kamar allo. Rubutu yana tafiya daga hagu, akwati yana tafiya daga dama, sau uku yaron yana karanta amsa kafin tambaya.

Da magariba ta gabato na ga bangon na farkon ya fara nannaɗewa. Ledar da aka manna masa a fuska ɗaya ba ta motsi, kwalin kuwa yana tsukewa a busasshiyar iskar hunturu. Na danne shi a ƙarƙashin akwati. Lahadi mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ce wa mai littattafan ya ƙaro na akuyar, ya ƙara wa kowane kwafi ƙarfe biyu, sama da ƙasa, kafin ya shimfiɗa su, ya kuma bar sauran a cikin leda saboda ƙura.