TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 9: Ranar da na fara ganin Bahar Maliya

Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya mun tsaya ne a inda Kawu ya damƙa min makullin shagon ɗinkinsa na Shara Mansur da ke Makka, toh yau ga ci gaba.

Abin kunya ne amma zan faɗa, sai da na yi shekara 2 cur a Makka ban taɓa ganin teku da idona ba, alhali Jidda ko kilomita 80 ba ta kai ba daga inda nake kwana. Ranar da na sauka a filin jirgin Jidda tsakar dare ne, daga jirgi sai mota, ban ga komi ba sai fitilu. Ita kuwa kakata duk ranar da muka yi waya tambayar ɗaya ce, "ɗan nan ka je ka ga Maliya kuwa?" Dalilinta shi ne mahaifinta da ƙafa ya yi aikin hajji, ya bi ta Borno ya ratsa Chadi ya shiga Sudan yana noma yana tara guzuri, sai da ya kai Sawakin sannan ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Su biyu suka shiga jirgin da ƙaninsa, shi kaɗai ya sauka.

Wata Juma'a a 2017 muka shirya mu huɗu. Akwai Dogo mai tsohuwar Corolla, haifaffen Makka ne, Hausarsa rabi Larabci ce, in zai ce mu tafi sai ka ji "yalla mu tashi ya shabab". Akwai Ɗan Maiurno, mutumin Sudan da muke ɗinki tare, sai wanda muke kira Alaramma saboda ko shayi za a sha sai ya jawo aya. Da zan fita Kawu ko kallona bai yi ba ya ce "kai yaro, igamarka, ko a banɗaki kada ta bar jikinka". Katin izinin zama a Saudiyya yake nufi. Na ce in sha Allah Kawu.

Abin da ya fara tarbar mu a Jidda gumi ne. Zafin Makka busasshe ne kamar na bakin murhu, na Jidda kuwa jiƙa ka yake, ka fito daga mota kawai sai jallabiya ta manne maka a baya kamar an watsa maka ruwan ɗumi. Dogo yana ta dariya yana cewa "Jidda gair", wato Jidda daban ce, kirarin da 'yan garin suke mata ke nan.

Bayan la'asar muka shiga Balad, wato tsohon garin Jidda, ta wajen ƙofar Bab Makka. Wallahi nan ne ya tafi da ni. Gidaje ne masu hawa 4 hawa 5 da aka gina da dutsen murjani da aka ciro daga teku, ga tagogin katako da suka turo kai waje an sassaƙa su kamar zanen hula, rawashin suke ce musu, matan gida suna ganin mai wucewa shi ba ya ganinsu kuma iska na shiga. Ni da nake tela sai na tsaya ina ƙirga ƙananan ramukan jikin katakon ina tunanin wata nawa mutum ya ɗauka a kan taga ɗaya, har su Dogo suka yi nisa suka dawo nemana. Wasu gidajen sun karkace an tokare su da itace, wasu an fara gyara tunda UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Lungunan kuwa sak cikin birnin Kano, ga warin turaren wuta ga kuliyoyi ko'ina, ban taɓa ganin gari mai yawan mage irin Jidda ba.

Mun tsaya a ƙofar Baitu Nasif inda Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shigo garin a 1925. Dogo ya ce matattakalar gidan an yi ta da faɗi ne don raƙumi ya iya hawa da kaya har sama. Amma ni abin da ya ba ni dariya bishiyar ƙofar gidan ce da mutane ke ta ɗaukar hoto da ita, na matsa na duba ganyen, kai jama'a ashe darbejiya ce, irin wadda akuya ke kwana a gindinta a ƙofar gidanmu. Alaramma shi kuma ya dage sai mun bi ta maƙabartar da ake dangantawa da Nana Hauwa'u, a hanya yana mana bayanin cewa Sayyidina Usman ne ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan hijira. Katanga kawai muka gani muka wuce.

Abinci kam a Karantina muka ci, gidan wata 'yar uwar Dogo, tuwon shinkafa da miyar kuka har da man shanu, yara na ta Hausa a lungu kamar kana Fagge. Yanzu in ka je ba za ka samu unguwar ba, rusau ɗin da aka yi tsakanin 2021 da 2022 ya tafi da ita da Sabil duka.

Sai dab da magariba muka isa Kornish, wurin shaƙatawa na bakin teku. Na san a hoto na sha ganin teku amma hoto ƙarya yake, ruwa ne ba shi da ƙarshe, rana ta yi ja tana nutsewa a cikinsa, kuma ta wancan ɓangaren da take faɗuwa nan ne Sudan. Ɗan Maiurno ya nuna da hannu ya ce "ya zol, gida ke nan", daga nan bai ƙara magana ba. Can gefe ga famfon Sarki Fahad yana harba ruwan teku sama, ana cewa mita 312, tun 1985 yake wannan aikin, da duhu ya shiga aka haska shi da fitilu ya zama fari fat. Su Dogo can suka nufa da wayoyinsu. Ni kuma na cire takalmi na naɗe wando na sauka kan duwatsu har ruwan ya taɓa min gwiwa, na ɗiba na ɗanɗana, gishiri ne zalla har da ɗaci. Na kira kaka na juya mata wayar ta ji ƙarar igiyar ruwa. Ta yi shiru ta yi shiru, sai ta ce "yi wa Baffa addu'a, yana nan ciki". Mutumin da ko sunansa na yanka ban sani ba sai ranar, na tsaya cikin ruwa ina masa Ƙulhuwallahu ƙafa 11, igiya ta zo ta buge ni na zame na zauna daɓas, na jiƙe har ƙirji.

Dariyar da suka min ba a magana. Na cire jallabiyar na matse na shanya a kan wani benci, Dogo ya ara min rigar ƙwallo daga but, muka sayo soyayyar kazar Al Baik muka ci a kan ciyawa kamar yadda iyalan Larabawa ke yi da darduma da fulas ɗin shayi, har wajen ƙarfe 1 na dare.

Muna hanyar komawa kowa ya yi laushi, Alaramma har da minshari, sai ga fitilun shingen Shumaisi a gabanmu, inda ake duba masu shiga Makka. Dogo ya rage gudu ya ce kowa ya fito da igamarsa. Na kai hannu aljihu, sai na ji rigar ƙwallo ce a jikina, ba ta da aljihu ko ɗaya. Jallabiyar tana can kan benci a Kornish.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.