Na kai mutane duniyar Mars, sai na zauna ina ba su labarin kaset

Har yau in na tuna babi na 14 sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Wata biyar ke nan da na kammala littafi na biyu, an gyara an wuce wurin, amma wallahi haushin bai gama sakina ba, kuma ba haushin kowa nake ji ba sai nawa.

Waɗanda suka karanta na ɗaya sun san labarin, wasu iyalai 'yan Arewa da aka kai duniyar Mars a 2091, da yarinyar da aka haifa a can wadda ba ta taɓa taka ƙasar nan tamu ba. Abin da ya riƙe mutane a ciki tambayoyi ne. Yini a Mars awa 24 ne da minti 39, shekararsu kwana 687 ce a lissafinmu, to ya za a yi da azumi, wane wata za a duba tunda guda biyu ne ƙanana suke zagaya ta, ina alƙibla take in Ka'aba tana cikin wani ɗan ɗigon haske a sama. Na sha karatu a kan wannan, har labarin ɗan sama jannatin Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, da ya je tashar sararin samaniya cikin azumin 2007, malaman ƙasarsu suka zauna suka tsara masa yadda zai yi ibada a wurin da rana ke fitowa ta faɗi sau 16 a yini ɗaya. A grup ɗina har ƙarfe ɗayan dare ake kaiwa ana musu.

To a cikin wancan littafin akwai wani ɗan wuri, ko rabin fej bai kai ba, inda kakar yarinyar ta buɗe akwatinta ta ɗauko kaset ɗin Shata wanda ta gada a wurin babanta, babu rikodar da za ta saka shi a duk faɗin Mars, sai ta zira biro a ramin tana juyawa tana shiru. Shi ke nan wurin. Ranar da na yi fostin ɗinsa wayata har zafi ta yi saboda sharhi, masu kuka na yi, masu tuno iyayensu na yi, wata ma ta turo min murya tana sheshsheƙa. Nan ne na ɗebo ruwan dafa kaina, don a raina cewa na yi na gano lagon masu karatu, tuna baya suke so, bari littafi na biyu ya zo in ba su har su ƙoshi.

Kuma abin kunyar ba wai ban san ramin ba ne. Na karanta Ready Player One na Ernest Cline da ya fito a 2011, na karanta cigabansa na 2020, inda aka ɗauki babi babi ana yawo a duniyar waƙoƙin Prince da ta finafinan John Hughes, ni da bakina na ce wa ƙawayena wannan bawan Allah ya manta labari yake bayarwa, ya koma yana ƙirga kayan yarintarsa. Laifi tudu ne. Sai ga ni na yi irin nasa sak, illa dai nawa na ɗaura masa zani da ɗankwali.

Abin da na ƙirƙira shi ne wani tsohon injiniya ya kulle rumbun iskar shaƙa na sansanin da tambayoyi, ba mai buɗe ƙofar sai wanda ya san Kanon da. Guguwar ƙura ta rufe su, wani ɗaki yana yoyon iska, saura musu minti 40, akwai ƙaramin yaro da ya fara suma, neman taimako daga duniya kuma ba zai yiwu ba tunda saƙo kan ɗauki daga minti 3 har zuwa 22 kafin ya isa, ya danganta da nisan da ke tsakani a lokacin, sannan a jira amsa ta sake yin wannan tafiyar. Wuri ne da ya kamata mai karatu ya kasa ajiye waya. Ni kuwa me na yi? Na tsayar da komai na buɗe adakata. Shagon hayar kaset ɗin bidiyo da yaron shagon da ba ya karɓar kaset sai ka dawo masa da shi farko, yadda ake buɗe bidiyo a goge kansa in hoto ya fara rawa, taruwar yaran layi a tsakar gidan da ke da talabijin ɗaya tilo, ihun da ake yi in an ɗauke wuta ana tsakiyar fim ɗin Indiya, sinimar Plaza da Marhaba da El Dorado waɗanda ni ko ƙofarsu ban taɓa zuwa ba labarinsu kawai nake ji a wurin yayyena, katin gaisuwa a rediyo, ɗan tamatsitsi, hanjin ligidi, macijin Nokia 3310, har da 2go na cusa. Babi uku cur, 14 da 15 da 16. Ina taipin ina dariya ni kaɗai, wani wurin har da hawaye, ina cewa wannan karon sai sun haukace.

Ranar farko an ɗan yaba. Rana ta biyu sitika kawai nake gani. Rana ta uku grup ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, kuma fa littafin kuɗi ne, mutane sun biya kafin su shigo, shirun wanda ya biya daban yake da na mai karanta kyauta.

Autarmu ce ta fasa ƙwan, haihuwar 2006, ba ta iya kara ba ko kaɗan. Ta same ni a kicin ta ce Yaya, wai yaron nan da numfashinsa ke ɗaukewa tun ranar Talata fa yake suma, yau Juma'a, ba za a taimaka masa ba ne? Na yi dariyar yaƙe na ce ke ba za ki gane ba, ba ki zo duniya ba lokacin. Ta ce to ai ita ma yarinyar ba ta zo ba, a Mars aka haife ta, meye haɗinta da kaset ɗin da ko ni ban taɓa riƙewa ba, ke ce kike kuka a babin nan Yaya, ita ko a jikinta.

Na so in make ta da ludayi. Amma da dare na zauna na yi lissafi, tsakanin zamanin jarumata da shekarun da nake ta begen nan akwai kusan shekara 100, kamar a ce ni yanzu gobara ta tashi a gidanmu sai in tsaya ina hawaye kan abin da 'yan mata ke yayi a Kano a 1925. Wa zai yarda?

Ban tsira a wurin manya ba ma, waɗanda na ɗauka don su na rubuta. Wani bawan Allah da ya girme ni ya biyo ni ta gefe cikin mutunci ya ce Hajiya kin haɗa zamani uku a tukunya ɗaya, wayar salula ba ta shigo hannun jama'a a Najeriya ba sai 2001, ke kuma kin saka macijin Nokia a layin da ake kallon kaset a 1996, 2go kuwa sai bayan wannan da shekaru. Gaskiyarsa. Yara ba su gane ba, manya sun kama ni da kuskure, to wa na rubuta wa ke nan?

Abin da na fi jin kunyarsa shi ne saƙon da na tura grup cikin fushi, dogo, wai yaran yanzu ba su san darajar tarihi ba sai soyayya da kishiya. Minti biyu na goge, amma an riga an ɗauki hotonsa. Mutum huɗu suka nemi kuɗinsu, na mayar musu, hannuna na rawa. Sati uku ban yi fostin ba.

A cikin sati ukun nan ne na koma na karanta rabin fejin nan na littafi na ɗaya ya fi sau goma, ina neman me na yi a can da na kasa yi a nan. Ashe ba kaset aka yi wa kuka ba. Tsohuwa aka yi wa kuka, wadda ta san ba za ta sake ganin garinsu ba, a can za a binne ta cikin jar ƙasar da ba ta san kowa nata ba. Kaset ɗin a hannunta kawai yake. Ni kuma na karanta sharhin mutane a gurguje na ɗauki kaset na bar tsohuwar. Don Allah 'yan uwana marubuta, in wani fej ɗinku ya tayar da ƙura ku ɗan tsaya ku gano ainihin abin da ya taɓa mutane kafin ku gina littafi guda a kansa, yabo yana ruɗi fiye da zagi, ni na gani a jikina.

Na rushe babi ukun, na kori injiniyan da tambayoyinsa gaba ɗaya, abu ɗaya na bari. Yanzu a sabon babi na 14 ba a san ta inda iskar ke fita ba, hudar ta yi ƙanƙanta ido ba ya gani, ana buƙatar wani abu marar nauyi da iska za ta ja, sai yarinyar ta kalli akwatin kakarta da ta rasu. Ta fasa kaset ɗin, ta zaro zaren tana bin bango da shi har ya karkata ya manne a wurin hudar. An ceci yaron, ita kuma ta tsaya da tarin baƙin zare a hannu, muryar da ba ta taɓa ji ba kuma ba za ta taɓa ji ba. Fej biyu da rabi. Abin da ke ƙona min rai ke nan, tun farko yana gabana, cikin akwatin da ni na rubuta da hannuna, na tsallake shi na tafi neman hanjin ligidi.

Biyu daga cikin huɗun nan sun dawo sun sake biya, sauran biyun ko gaisuwata ba sa amsawa. Tsofaffin babi ukun kuwa ban iya goge su ba, suna nan cikin waya, wani daren in barci ya ƙi zuwa nakan buɗe in karanta wurin yaron shagon kaset, har yanzu yana ba ni dariya. Na taɓa miƙa wa autarmu na ce ta sake dubawa ko yanzu za ta ji daɗinsu, ta karanta layi biyu ta miƙo min wayata ta ce cajinki ya kusa ƙarewa.