Masarar da ta yi fumfuna ba ta shiga injina

Sana'ata haɗa abincin kaji, a nan Zariya. Masara nake saye daga kasuwannin Giwa da Dandume da Saminaka, mu haɗa da dusa da waken suya da garin ƙashi, mu niƙa, mu ɗura a buhu mai kilo 25. Aikin kamar ba wuya, amma rabinsa a bakin ƙofa ake yi, wurin tantance abin da zai shiga sito.

Lokacin da ya fi ba mu aiki shi ne farkon kaka, daga Satumba zuwa Oktoba. Sabuwar masara ta fito, ruwa bai gama ɗaukewa ba, manomi kuma yana neman kuɗi, sai ya ɗure ta da sauran danshi. Idan mota ta tsaya, nakan zura hannu har tsakiyar buhu. In na ji ɗumi, ko warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, ko na ga ƙwaya ta yi kore-kore a gindi, magana ta ƙare. In hannu bai nuna komai ba, sai na'urar auna danshi ta yi nata. Abin da ya haura 13 cikin 100 ba na ajiye shi.

Dillalai ba sa rasa amsa. "Haba Alhaji, a baza ta a rana kwana biyu, shi ke nan." Mafi yawansu sun san maganar gubar afulatoksin, wadda fumfunar Aspergillus flavus ke zubawa a masara da gyaɗa, ta kassara hantar kaza. Abin da ba sa lissafawa shi ne ƙirjin yaron da ke tsaye a bakin inji.

Ina da ma'aikaci guda wanda da an juye irin wannan buhu sai atishawa, ido ya yi ja, ƙirji ya riƙa kukan usur. Abokin aikinsa yana gefe, ƙura ɗaya suke shaƙa, ko tari bai yi. Da muka kai shi asibiti likita ya ce asma ce, ƙurar fumfuna ke tayar masa da ita. Daga nan na bi diddigin lamarin.

'Ya'yan fumfunar Aspergillus fumigatus, 'yar'uwar waccan mai afulatoksin, da ke tashi cikin ƙura, ba su wuce maikiromita 2 zuwa 3 ba, ƙanƙantar da ido ba ya gani, saboda haka suna wucewa har can cikin huhu. Garkuwar jiki ba ta duban fumfunar gaba ɗayanta. Wani ɗan gurbi take riƙewa a jikin furotin ɗin fumfunar, kamar yadda a da ake gane asalin mutum da tsagar fuskarsa ba sai an ƙare masa kallo ba. A wasu mutane, gwargwadon gado da yawan shaƙa, jiki kan ƙera wani makami mai suna IgE daidai da wannan gurbi. Sai a 1966 zuwa 1967 masu bincike a Amurka da Suwidin suka gano shi. Karon farko da mutum ya shaƙi fumfunar ba ya jin komai. Makamin ne ke zuwa ya manne a jikin wasu ƙwayoyi da ke kwance a hanci da hanyar numfashi, yana jira. Ranar da furotin ɗin ya dawo ya kama IgE biyu a lokaci guda, ƙwayoyin su amayar da histamin, sinadarin da ke kawo kumburi da ƙaiƙayi, cikin mintuna hanci ya toshe, hanyar iska ta tsuke. Kuma da yake fumfuna daban-daban suna da furotin masu kama da juna, wanda jikinsa ya riƙe ta masara zai iya tashi da ta bangon ɗaki mai yoyo.

To ga inda na saɓa da dillalai. Rana tana busar da masara, tana tsayar da yaɗuwar fumfuna, amma ba ta goge wannan gurbi. IgE ba ruwansa da ko fumfunar na raye ko ta mutu. Busasshiyar ma ta fi tashi sama idan inji ya daka ta.

Shi ya sa na mai da yaron wurin awo da rubuta rasit, nesa da inji. Masu niƙa kuwa takunkumin N95 nake saya musu, don ƙyallen da suke ɗaurewa a hanci ba ya tare abu ƙanƙane haka, ko da yake da zafin Afrilu sai na yi ta faɗa kafin su sa. Buhuna suna kan katako, ba sa taɓa ƙasa ko bango, kuma a yayyafa ruwa kafin a yi shara. Masarar da na mayar, dillali zai sami mai saye a gaba, na sani; ni dai na gwammace in ƙara kuɗi a kan busasshiya.