Dalilin da ya sa ban sa wa ɗan Yaya hannu ba

Tun ranar Alhamis Yaya ba ta ɗaga wayata, sai jiya da daddare ta turo min saƙon murya a WhatsApp har na minti huɗu, kuma duk maganar ɗaya ce, wai yaron nan ɗanta ne ɗana ne, wata bakwai yana bina saiti, wato wurin aiki, cikin rana cikin dare, yanzu an zo wurin da zan sa mishi hannu a ɗaga shi a ƙara mishi albashi na ce bai ci gwajin ba. Na saurara har ƙarshe, na ba ta haƙuri, amma hannu kam ban sa ba. Ina son in rubuta dalilin a nan saboda na san yaranmu da yawa daga Shara Mansur ta Makka da Jidda da Madina suna shiga aikin sikka, wato layin dogo, yanzu, kuma iyayensu ba su san me ake dubawa ba kafin a ce yaro ya ƙware.

Ni mushrif ne, wato mai kula da ma'aikata, a ɓangaren ƙananan gine-gine na gefen layin dogo. Ba mu muke shimfiɗa dogon ba, ba mu muke gina manyan gadoji ba. Namu shi ne turken allon kilomita, gindin kankare da ake ɗora akwatin sigina a kai, kwatar kankare mai murfi da wayoyi ke kwanciya a ciki, shinge, matakala ta hawa tudun layi da ƙarfen riƙewa, ƙaramin kwalbati, irin waɗannan dai. In kana cikin jirgin Haramain daga Makka zuwa Madina ko kallonsu ba za ka yi ba. To amma wannan jirgin da aka buɗe a 2018, layinsa kusan kilomita 450 ne, yana gudun kilomita 300 a awa, ka lissafa, mita 83 kenan a daƙiƙa ɗaya. Kafin ka ce bismillah ya wuce tsawon filin ƙwallo. Iskar da yake turowa kaɗai ta isa ta ɗaga murfin kwatar da ba a zaunar da shi daidai ba, ko ta fizge allon da aka ɗaure notinsa da ƙa. Sannan a saman kai ga wayar wuta mai volt 25,000, wadda ba sai ka taɓa ta ba, ka kusance ta da ƙarfe kawai za ta tsallako ta same ka. Shi ya sa kalmar "ƙaramin aiki" ba ta min daɗi sam a bakin ma'aikaci.

Yadda ake tantancewa a wurinmu, ba jarrabawar aji ba ce kawai. Akwai takarda, e, mutum ya yi kwas ɗin salama, wato na kiyaye haɗari, ya samu shahada, takardar shaidar ya ci. Amma kafin a bar shi ya jagoranci leburori shi kaɗai, sai wani ya tsaya a kansa yana kallo ya yi aikin daga farko har ƙarshe, ba a sa mishi baki, sai in za a yi ɓarna. Bayan nan a zaunar da shi a yi ta mishi tambayoyi, in kaza ta faru ya za ka yi, me ya sa ka yi kaza kafin kaza. Wanda ya tsaya a kansa shi zai sa hannu, kuma wannan hannun ma'anarsa ita ce na yarda a ba wannan mutumin rayukan mutum uku ko huɗu da dare a gefen layi ba tare da ina wurin ba. Haka nake fahimtarsa, haka kuma zan amsa shi gaban Allah.

Daren Larabar da aka yi gwajin, bayan an rufe layin an ba mu tasrihi, wato izinin shiga aiki, aikin da aka ba yaron shi ne ya haƙa ya zuba gindin turke guda ɗaya. Kuma gaskiya ya fara da kyau, ya tara leburorinsa uku ya yi musu bayani da Larabci da ɗan Urdun da ya tsinta, ya duba hular kwanonsu da rigar ƙyalli, ya ja tef daga kan dogo ya fitar da nisan daidai yadda zane ya ce, ya sa alama da fenti. Ina gefe da fitilata ina jin daɗi a raina. Sai kawai na ga ya miƙa wa ɗaya diga ya ce yalla, a fara.

Na ce a tsaya. Na ce ina na'urar gano waya? Ya ce Kawu tana cikin wanet, wato motar aikinmu, ai zane ya nuna wayoyin suna ɗaya gefen. Na ce je ka ɗauko. Ya tafi ya daɗe, ya dawo da ita a kashe, batir ya mutu. Muka ari ta wata ƙungiya da ke gaba da mu, aka bi da ita kan ƙasa a hankali, ba a kai ga fentinsa ba ta fara kuka. Muka sa hannu da shebur muna yaye yashin kaɗan kaɗan, sai ga gefen murfin kwata, yashi ya binne ta gaba ɗaya ba ka ganin komai, tazararta da inda digar za ta sauka bai kai taku biyu ba. Duk wanda ya yi aiki a saharar nan ya san haka yashi yake yi, abin da ka gani da idonka bara bana ya shafe, kuma zane yana nuna inda aka yi niyyar sa abu ne, sau da yawa masu aikin sun kauce wa dutse sun karkata ba a gyara takardar ba. In wayar sigina ce ka sare, sigina za ta koma ja, jirage su tsaya cak har a gano inda ka yi ɓarnar, in kuma ta wuta ce to wanda ke riƙe da digar shi zai fara ji a jikinsa, kuma ba yaron ne ke riƙe da ita ba, wani bawan Allah ne da ya baro 'ya'ya a ƙasarsu.

Na bar shi ya ci gaba bayan an matsar da wurin da izinin muhandis, wato injiniya. Aikin kankarensa wallahi babu abin cewa, ya tsayar da turken da mizanin ruwa ta fuska biyu, ya tokare shi, ya girgiza kankaren yadda iska za ta fita, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu don kar zafi ya shanye ruwan ya tsattsage shi, har ya faɗa min da bakinsa cewa sai kwana 28 kankare ke kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Hannunsa yana da kyau, wannan ban hana shi ba, kuma na rubuta shi a takardar. Amma da za su tashi sai na ga ya saɓa ragowar rodi a kafaɗa, kansa yana kallon sama, zai bi ta ƙarƙashin wayar. Na ce sauke, ku ɗauka mutum biyu a kwance. Ya ce ai an kashe wuta. Na ce wa ya faɗa maka, ka ga takardar kashewa, ka ga inda aka maƙala wayar da ke kai wuta ƙasa? Ya yi shiru. Wutar a kashe take ɗin, amma shi bai sani ba, zato ya yi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar da muka yi a mota muna dawowa wajen asuba. Na ce kai ka san batirin nan ya mutu tun kafin mu fito? Ya sunkuyar da kai ya ce ya lura tun a ma'ajiya, shi ya kamata ya sa caji da rana ya manta, kuma ya ji kunyar ya faɗa a gabana ranar da ake gwada shi, sai ya ce a ransa ai zane ya isa. Kun ji inda matsalar take. Mu an raine mu da kunya da kara, yaro ba ya ɗaga ido ya ce wa babba a dakata, ba ya son a ga gazawarsa gaban kawunsa, kuma a gida wannan tarbiyya ce mai kyau ina alfahari da ita. A gefen layi kuwa ita ce ke kashe mutane. Da ya zo ya ce Kawu na yi kuskure, na'ura ba caji, ba zan haƙa ba sai an samo wata, wallahi da a nan take ya ci rabin jarrabawar, don abin da nake nema kenan, mutumin da zai iya tsayar da aiki ko da shi za a yi wa faɗa.

Akwai wani dattijo ɗan Pakistan a cikinmu, duk Baba muke ce mishi, ba ya karanta Turanci, Larabcinsa ma na kasuwa ne, jarrabawar takarda sai da aka samo mai fassara aka yi mishi da baki. Shekarun baya muna gyaran bakin wani kwalbati, lokaci ya ƙure, ana ta kirana a waya, na ce a ƙara zurfin ramin a gama. Ya ajiye shebur ya ce mu'allim la, wato malam a'a, ya nuna min da yatsa yadda tsakuwar kafaɗar layi ta fara gangarowa cikin ramin. Tsakuwar nan ita ke riƙe da dogon kar ya motsa, in ka zare mata ƙasa a ƙarƙashi, da rana ta yi zafi ƙarfe ya miƙe, layin yana iya lanƙwashewa kamar maciji. Muka tsaya muka tokare ramin da katako muka dawo washegari. Na sha magana a ofis ranar, amma tun daga nan duk wanda zan tantance da ma'aunin Baba nake auna shi. Yaranmu da aka haifa a nan sun yi makaranta, Larabci kamar ruwa, takarda ba ta ba su wahala, shi ya sa ma ake saurin ɗauka sun iya.

Kwalbatin ma da ake rainawa, duk wanda yake Jidda a Nuwamban 2009 ya ga abin da ruwa ke yi a ƙasar da ake cewa ba a ruwa, sama da mutum 100 suka rasu a ambaliyar nan. Wadi, wato kwarin da ruwa ke bi, zai shekara a bushe, rana ɗaya ya zo da duwatsu da itatuwa, in an zaunar da bututu a karkace ko an bar bakinsa a toshe da ragowar siminti, ruwan zai nemi hanya ta cikin tudun da layi ke kai. Mai sa shi ba zai gani ba, yana iya yiwuwa ma ya bar ƙasar kafin ranar ta zo.

Ta wani ɓangaren Yaya tana da gaskiya, na sani, rayuwa ta yi tsada, kuɗin iƙama, wato takardar zama a ƙasa, da haya ba sa jira, ƙarin nan da ya rasa ba ƙaramin abu ba ne a gidansu, kuma zafin da ake sha a aikin nan ba wasa ba, ko da dokar hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, ƙarfe yana nan da zafinsa har bayan la'asar. Abu ɗaya da na ga ya kamata a gyara shi ne tun farko bai dace a ce ni zan tsaya a kansa ba, da na sa hannu a ce son kai, da na ƙi ga shi gida ya ɗau zafi. Na je na samu muhandis na roƙe shi a ba wani mushrif ɗin gwaji na biyu, ya yarda, an sa nan da sati shida. Kafin nan na haɗa yaron da Baba, duk inda Baba ya sa ƙafa shi ma ya sa.

Ɗazu da azahar ya turo min hoto, na'urar ce a jikin caji, fitilarta kore, ga batir na biyu a gefe ya rubuta sunan ƙungiyarsu a jiki da alƙalamin maka. A ƙasa ya rubuta, Kawu zanen aikin daren yau akwai wurin da ban gane ba, in zo kafin magariba ka nuna min? Na ce ya zo, ya biya ta gida ya gaishe min da Yaya.