Inda na kai da kallon hankaka mai toka

'Yan uwa masu koyon kallon tsuntsaye, tun shigowar sanyi hankalina yana kan tsuntsu guda, hankaka mai toka, wanda masana ke kira Corvus cornix. Kansa da maƙogwaronsa da fukafukansa da jelarsa baƙaƙe ne, baya da ciki kuma ruwan toka. Yana zaune a Ailan, arewacin Sikotland, gabashin Turai, har kwarin Nilu a Masar. Yana da ɗan uwa baƙi wuluk a yammacin Turai, suna hayayyafa tare inda iyakokinsu suka haɗu, shi ya sa sai a 2002 masanan Birtaniya suka ware su a matsayin jinsi biyu.

Babban abin da ya ciyar da ni gaba shi ne na zaɓi tsuntsu ɗaya in bi shi da madubin hangen nesa, daga lokacin da ya samo abinci har ya cinye ko ya ɓoye. Garke yana raba hankali, ɗaya kuwa yana nuna maka dabararsa duka.

A gaɓar teku mai duwatsu nake zama, idan ruwa ya janye. Nan ne kasuwarsu ke ci. Hankaka zai bi ciyawar teku yana juya ta da baki, ya ciro ƙaguwa ko kodin ruwa. Idan ɓawon ya fi ƙarfin bakinsa, sai ya tashi da shi sama, ya saki a kan dutse, ya biyo shi ƙasa da sauri. In bai fashe ba, ya sake ɗauka. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya saki a kan yashi, fa yake nema. Na kuma lura idan wasu hankaki ko tsuntsayen teku suna kusa, ba ya yin nisa sosai, domin kafin ya sauko wani ya rigaye shi. Yana auna ƙarfin faɗuwa da haɗarin ɓarawo a lokaci guda, kuma wannan lissafin ne nake so mu riƙa rubutawa: tsawon tashi, irin wurin da ya saki, da wanda ke tsaye kusa.

Ƙananan bana, waɗanda cikin bakinsu yake da ɗan ja, ba su iya ba tukuna. Wani zai saki kodi a kan laka, ya tsaya yana dubansa.

Ɓoyon abinci ya fi wahalar gani. Yakan cusa guntun nama ko kifi cikin ciyawa, ya rufe da ganye, ya waiwaya hagu da dama. In ya ga ana kallonsa, sai ya tono ya canza wuri. Don haka ku zauna nesa, ku yi shiru, kuma don Allah kada ku jefa musu burodi. Da zarar sun saba da hannunka, halinsu na daji ya ɓace maka.

Yanzu ina ƙoƙarin gane tsuntsu ɗaya cikinsu ta wani farin gashi a fiffikensa, in ga ko yana komawa dutse ɗaya kullum. Duk wanda ke kallonsu a gonaki ko cikin gari, don Allah ya faɗa mana yadda suke fasa gyaɗar bishiya a kan kwalta.