Yini Mai Tsawo, Wata Mai Gudu

Da hantsi jikanyata ta zo da littafin aikin gida ta zauna kusa da kujerata, tana ƙirga kwanakin da suka rage kafin a ba su hutu, tana ƙorafin cewa zangon karatun nan ya ƙi ƙarewa. Na ce mata ni kuwa gani nake jiya-jiya aka koma makaranta. Ta ɗago kai ta dube ni da mamaki, ta ce, "Kaka, ai kai ba ka zuwa ko'ina, kamata ya yi a ce naka lokacin ne ya fi daɗewa." Ba da raini ta faɗa ba, lissafi ta yi irin na yara, kuma lissafin nata yana da ma'ana, shi ya sa maganar ta tsaya mini a rai har dare.

Rabin abin da ta faɗa gaskiya ne. Tun da na ajiye aiki, sa'o'in da ke tsakanin tsakar rana da faɗuwarta sun yi mini tsawon da ban taɓa sanin suna da shi ba. Nakan karanta jarida har shafin ƙarshe, in ba shuke-shuke ruwa, in ɗaure ƙusar da ta saki a jikin ƙofa, sannan in dubi agogon bango in tarar ko ƙarfe uku ba ta yi ba. Amma idan na waiwaya ina neman watan da ya shige, sai in rasa abin kamawa, domin makonninsa sun manne da juna har ba na iya bambanta na farko da na ƙarshe. Yini yana ja, wata yana gudu, kuma duk a cikin kai ɗaya.

Bayanin da aka fi yawan ji shi ne na Paul Janet, masanin falsafa ɗan Faransa, wanda a 1877 ya ce mutum yana auna shekara ne da tsawon rayuwar da ya riga ya yi. A wurin ɗan shekara 10, shekara guda kashi ɗaya ce cikin goma na dukan abin da ya sani, a wurin ɗan shekara 50 kuwa kashi ɗaya ce cikin hamsin, don haka dole ta ƙanƙance. Lissafin yana da tsabta, amma bai gamsar da ni ba. Da shekaru ne kaɗai sanadi, da abin ya riƙa zuwa sannu a hankali, alhali ni farat ɗaya na ji shi, a watannin farko na barin aiki. Kuma bai faɗi dalilin da ya sa yammacin nan yake da tsawo ba.

Wanda ya fi kusa da abin da nake ji shi ne labarin Michel Siffre, shi ma Bafaranshe, masanin duwatsu da ƙarƙashin ƙasa. A 1962, yana ɗan shekara 23, ya sauka cikin kogon Scarasson a tsaunukan Alps, ba agogo, ba kalanda, ba hasken rana. Waya kawai ta haɗa shi da abokan aikinsa da ke bakin kogon, yana kiransu idan ya farka, idan zai ci abinci, da idan zai kwanta, su kuwa ba sa gaya masa lokaci. Ya shiga ranar 16 ga Yuli. Da suka sanar da shi cewa gwajin ya ƙare ranar 14 ga Satumba, shi a lissafinsa 20 ga Agusta ake, wato kwana 25 sun sulale masa bai sani ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne jikinsa bai ɓata ba, ya ci gaba da barci da farkawa a kan zagaye na kusan awa 24 da rabi. Ƙwaƙwalwarsa ce ta kasa riƙe kwanakin, saboda babu abin da ya raba yau da jiya.

Ni ma haka jikina yake. Har yanzu yana tashe ni a daidai lokacin da nake tashi in yi shirin ofis, ba tare da ƙararrawa ba. Abin da na rasa shi ne alamomin da aiki yake kafa wa mutum a kan hanya: nauyin safiyar Litinin, taron mako, hada-hadar ƙarshen wata, rufe lissafin shekara, zuwan sabon ma'aikaci da tafiyar tsoho. A lokacin ina ganinsu a matsayin wahala, ban san su ne suke riƙe mini kwanaki ba. Har gobe ina iya ganin teburina na farko, da keken rubutun da harafi ɗaya yake maƙalewa sai an ɗago shi da farce, da baƙin takardar kwafi da yake zama a yatsu har bayan an wanke hannu. Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa manya sun fi tuna abin da ya same su tsakanin shekara 10 da 30, lokacin da kusan komai karon farko ne. Wannan teburin ya fi mini makon jiya fitowa sarari, kuma hakan yana ba ni tsoro, domin ba na son shekarun da suka rage mini su wuce ba tare da sun bar sawu ba.

Da dare na kwashe duk wannan na gaya wa uwargida. Ta saurara har na kai aya, sannan ta ce, "Malam, yanzu gidan nan ne ka kwatanta da kogo?" Na ce ba gidan nake nufi ba, kamannin kwanakin nake nufi. Ta ce ita kwanakinta sun daɗe suna kama da juna, amma ba ta taɓa rasa wata ba, ta kuma shiga lissafo mini watan jiya ɗaya bayan ɗaya: ranar da ƙaramin jikanmu ya fara tsayawa da kansa yana riƙe da ƙafar tebur, ranar da maƙwabta suka tashi, daren da aka yi iskar da ta karya reshen bishiyar tsakar gida, ranar da ƙanwarta ta kira suka daɗe suna magana. Kowanne ina wurin, kowanne na tuna shi da ta ambata, sai dai ni ban taɓa ɗaukarsu a matsayin abin auna lokaci ba. Ita da mutane take ƙirga kwanaki, ni kuwa da ayyuka aka koya mini ƙirgawa, kuma ayyukan sun ƙare.

Na yarda da ita a kan watan, amma ban yarda maganarta ta warware komai ba. Tsawon yammaci yana nan, kuma ba na jin zai tafi don kawai na sauya abin da nake lura da shi. Wanda ya yi rayuwarsa ana jiransa a wani wuri a ƙayyadadden lokaci yana bukatar, ko sau ɗaya ne a mako, a ci gaba da jiransa. Na gaya mata haka, ta ce to in nemi inda za a jira ni, kada in zauna ina jiran a neme ni.

Autanmu bai kira ba yau ma. Gwiwar hagu ta lafa, saboda haka gobe da safe, in Allah ya kai mu, zan koma tattakin da na dakatar, kuma zan biya ta wurin tsohon abokin aikina in ji ko yana nan a kan maganar koya wa yaran unguwa karatu da yamma.