Peltier ɗin da ta ci min kamara

Jiya na karɓo takardar kammala karatu, kuma duk wanda ya zauna a sashenmu ya san wace wahala na sha da furojek ɗina, to bari in faɗa da bakina tunda wasu suna ta yaɗa cewa sakacina ne.

Aikin dai shi ne a ɗauki tsohuwar kamarar kwamfuta, Philips SPC900NC, wadda na samo a gwanjo a Sabon Gari, a gyara ta ta riƙa buɗe ido na tsawon daƙiƙa talatin ko fiye don ta kama taurari. Gyaran ba nawa ba ne, irin wanda Steve Chambers ya fito da shi ne tun wajen 2001, ni dai bi na yi. A ƙauyenmu can bayan Ringim ba NEPA balle hasken titi, sama baƙi ƙirin, kaza da 'ya'yanta ma da ido kana ƙirga su. Matsalar ita ce zafi. Idon kamarar, wato CCD ɗin Sony ICX098BQ, in ya ɗau ɗumi sai hoton ya cika da ɗige-ɗige ja da kore kamar an watsa gero, ka rasa wanne ne tauraro wanne ne ƙarya. A watan Afrilu kuwa har ƙarfe ɗayan dare ƙasa huci take. Kowane digiri shida zuwa bakwai da ka rage, wannan dattin yana raguwa da kusan rabi, shi ya sa ake manna Peltier, ɗan farantin nan fari da in ka ba shi wuta gefe ɗaya ya yi sanyi ɗaya ya yi zafi.

Ni na rubuta ƙarama nake so, mai milimita 20 ko ƙasa, wadda ba ta cin wuta sosai. Malamin da ke duba aikina ya ja jan biro a kai, ya ce "kai yaro, sanyi kake nema ko wasa? Sayo TEC1-12715." Na ce ranka ya daɗe idon kamarar nan kwata na inci ne fa, zafinsa bai kai wat ɗaya ba. Ya ce shekara nawa na yi ina koyarwa. Na yi shiru, na sayar da buhun riɗin da Baba ya ba ni na saya.

Ga abin da bai faɗa min ba, ko kuma shi ma bai sani ba. Lambar nan 127 yawan tagwayen ƙwayoyin da ke ciki ce, 15 ɗin kuma amfiya ce. A kan batirin sola na bolt 12 abin yana zuƙar sama da amfiya goma, wato fiye da wat ɗari, kuma duk wannan wutar zafi take komawa ta taru a bayan farantin, ga kuma zafin da ya janyo daga gaba. Ni kuma abin da na ɗaura masa tsohon ƙarfen shan zafi ne na furosesar kwamfuta Pentium 4 da 'yar fankarsa. Minti biyu na farko sanyi kamar ƙanƙara har na fara murna na kira ƙanena ya taɓa, minti goma ƙarfen ba ya taɓuwa, zafin ya dawo ta cikin farantin, gaban da ya kamata ya yi sanyi ya koma ɗumi. Peltier bambanci kawai take iya yi tsakanin fuskokinta biyu, in bayan ya tafasa to gaban ma ya bi shi. Batirin gidanmu kuwa kafin sha biyun dare ya mutu, Inna ta kwana ba fanka, da safe ko gaisuwata da ƙyar ta amsa.

Da na koma na faɗa wa malamin sai ya ce in ƙara fanka. Na ƙara babban ƙarfe da fanka biyu, sanyi ya samu sosai, amma lokacin damina ta riga ta sauka, watan Yuli, iska duk laima. Ban rufe akwatin ba ban sa komai na tsotse danshi ba, wannan kam laifina ne na yarda. Ina kallon allon laftof hoton ya fara dishi-dishi kamar gilashin mota da asuba, na haska tocila na ga raɓa ta kwanta a kan allon kamarar har tana gangarowa kan ƙafafun CCD ɗin, kafin in zare waya hoton ya ɗauke. Shi kenan. Wata uku ina neman wata kamarar irinta.

Ranar kare furojek, a gaban malamai huɗu, mutumin nan ya buɗe baki ya ce ai tun farko ya gargaɗe ni kan babbar Peltier. Takardar da ya ja wa jan biro tana cikin jakata a lokacin. Ban fito da ita ba, maki na hannunsa.

Ta biyun da kaina na haɗa ba tare da na tambayi kowa ba, ƙaramar Peltier a kan bolt 5, ɗan tsinken jan ƙarfe daga ita zuwa bayan CCD, man shafawa na furosesa siriri a kowace fuska, akwatin roba da na toshe da gam na zuba silika jel mai tsotse danshi da na tattaro daga kwalayen takalma. Ba na kai shi ƙasa sosai, digiri goma sha biyar ƙasa da iskar waje ya ishe ni. Ku 'yan baya, ku auna ƙarfen shan zafinku kafin ku sayi farantin, ku kashe Peltier ku bar akwatin ya dawo daidai da ɗumin waje kafin ku buɗe, kuma duk gyaran da malami ya yi muku ku ɗau hotonsa a waya. Lokacin hunturu raɓa ba matsala ba ce amma ƙura ce ke rufe sama, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi min daɗi.

A Nuwamban ne na kama gajimaren Orion, M42, daga bayan rumbunmu, daƙiƙa arba'in arba'in na tara hotuna guda sittin. Na ji an ce hoton yana manne a ofishin malamin nan yanzu, ba sunana a ƙasa.